Ilimin Baƙi da Tarbiyyar Gida: Ɗaliban Sin a Jami'o'in Ƙetare

Ɗaliban ƙasar Sin suna cikin baƙin ɗalibai mafiya yawa a jami'o'in Amurka, Birtaniya da Ostareliya. A zangon karatu na 2019/2020, sama da 370,000 ne suke karatu a Amurka kaɗai. Wahalar Turanci, baƙon abinci da kewar gida su ne suka fi fitowa fili, amma akwai tambayar da ta fi su nauyi: shin mutum zai iya kwasar ilimin wata al'umma ba tare da ya zubar da tarbiyyar da aka yi masa ba?

Tambayar ta daɗe tana damun Sinawa. Daga 1872 daular Qing ta tura yara 120 zuwa Amurka bisa shawarar Yung Wing, wanda ya kammala Jami'ar Yale a 1854. A 1881 aka kira su gida, saboda hukuma ta ga sun rungumi ɗabi'un Turawa, wasunsu har suna zuwa coci. Amma daga cikinsu aka sami Zhan Tianyou, injiniyan da ya shimfiɗa layin dogo daga Beijing zuwa Zhangjiakou, aka gama a 1909. A 1898 wani babban jami'i, Zhang Zhidong, ya kawo mafita: ilimin Sin ya zama tushe, na Yamma ya zama kayan aiki. Bayan da jagoran Sin Deng Xiaoping ya sake buɗe ƙofar fita karatu a 1978, tambayar ta dawo sabuwa.

Tushen lamarin yana cikin koyarwar masanin falsafar Sin Konfushiyus, wadda take kallon mutum ta hanyar alaƙarsa da wasu: ɗa da uba, ƙane da wa, talaka da sarki, miji da mata, aboki da aboki. Biyayya ga iyaye ita ce kan gaba, malami kuma yana da alfarma irin ta uba. Jami'ar Yamma kuwa tana ɗaukar ɗalibi a matsayin mai cin gashin kansa, wanda zai faɗi ra'ayinsa, ya kare shi.

A cikin aji ake ganin wannan karo. Malami ya jefa tambaya, ɗalibin da ya tsallake jarabawar shiga jami'a ta Sin mai tsanani, wato gaokao, ya san amsa, amma sai ya sunkuyar da kai yana rubutu, don bai saba katse babba ba, kuma yana gudun abin kunya a bainar jama'a. Malamin sai ya ɗauki shirun a matsayin rashin sani, ya rage masa maki. Ladabi a can ya zama naƙasu a nan.

Nauyin iyaye ma yana biye da shi. Da yawa an haife su ne lokacin dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda aka kawo ƙarshenta a 2015, don haka burin gida duka yana wuyansu. Wanda zuciyarsa ta karkata ga tarihi, alhali iyayensa sun biya kuɗin karatun injiniya, yakan daɗe yana ɓoye musu in suna hira ta manhajar WeChat. Wasu kuma, da suka tashi ba ruwansu da addini, a ƙetare suke fara haɗuwa da shi, galibi ta coci-cocin da ke ba baƙi abinci da darasin Turanci kyauta.

Mafitar Zhang Zhidong ba ta cika ba, domin ilimi yakan zo da salon tunaninsa. Wanda ya koyi tuhumar hujja a ɗakin gwaje-gwaje ba zai bar ɗabi'ar a bakin ƙofa ba. Sai dai wannan bai tilasta masa yar da asalinsa ba. Waɗanda suka fi dacewa su ne masu rarrabe aƙida da al'ada: suna jayayya da malami cikin girmamawa, suna faɗa wa iyaye gaskiya cikin ladabi. Irin wannan ɗalibi yakan koma gida da ilimi, da tarbiyyar da yanzu ya san dalilinta, ba gadonta kawai ya yi ba.