Amanar Sa Ido a Mulkin Gundumomin Amurka

A ƙasar Amurka, inda ake da gwamnatocin gundumomi fiye da 3,000, gunduma ita ce matakin mulki da ke ƙarƙashin jiha, kuma a wuyanta kula da hanyoyi, gidajen yari da lafiyar jama'a suka rataya. Majalisa zaɓaɓɓiya, wadda sau da yawa mambobinta uku ne ko biyar, ita ke amincewa da kasafin kuɗi, kuma a gundumomi da dama ita ke naɗa manaja, wato ƙwararren ma'aikacin da ke tafiyar da harkokin yau da kullum, ta auna aikinsa, ta sallame shi idan ya gaza.

Tambayar da wannan tsari ya haifar tsohuwa ce a ilimin falsafar mulki: shin wanda ke da hannu a cikin aiki yana iya zama alƙalin wannan aiki? Idan majalisa ce ta zaɓi manaja, ta tsara masa manufa, ta ware masa kuɗi, to gazawarsa gazawarta ce, kuma ɗan Adam bai cika son tona asirin kansa ba. A gundumar Los Anjelas, mai mutane kusan miliyan 10, mambobi biyar ne suka daɗe suna riƙe da ikon yin doka da na zartarwa a haɗe, sai a watan Nuwamba na 2024 masu zaɓe suka amince a ƙara kujerun zuwa tara, a kafa hukumar ɗa'a, kuma jama'a su riƙa zaɓen shugaban zartarwa da kansu daga 2028.

Tarihin Musulunci ya san wannan matsala tun da wuri, domin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi bai tsaya ga kyautata zato ga gwamnonin da shi kansa ya naɗa ba, sai da ya riƙa tura Muhammadu ɗan Maslama ya binciki koke-koken talakawa a kansu. Hakan bai zama zargi ga mutanen kirki ba, sai dai yarda cewa amana tana bukatar hisabi, wato bayar da bahasi a gaban wanda ba shi da riba a ɓoye gaskiya.

Saboda haka rahoton da ma'aikaci ya rubuta game da kansa bai isa hujja ba, komai yawan alƙalumansa. Sa ido na gaskiya yana bukatar mai binciken kuɗi mai cin gashin kansa, zaman majalisa a bainar jama'a, da masu zaɓe waɗanda ke bibiyar wakilansu bayan an rufe rumfar zaɓe.