Alhakin Makaranta a Kan Abin da Ɗalibinta Ya Zama

Kowace tsohuwar makaranta tana da jerin sunayen da take tinƙaho da su. Idan tsofaffin ɗalibai suka taru, sai a shiga lissafo gwamnoni da alƙalai da likitocin da suka zauna a ajujuwanta. Amma akwai sunayen da akan tsallake, a yi kamar an manta. Abin tambaya shi ne: makarantar da ta karɓi yabo saboda ɗanta na kirki, shin tana da ikon kakkaɓe hannunta daga wanda ya zubar da jini?

Tarihin kwalejin St. John ta Kaduna ya isa misali. Limaman cocin Katolika ne suka kafa ta a 1949 domin yara maza, ta kuma yi suna wajen horo da nagartar karatu. A 1972, zamanin gwamnan soja Abba Kyari, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Rimi.

Mutum biyu daga cikin ɗalibanta sun shiga tarihin Najeriya ta ƙofofi mabambanta. Na farko shi ne Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen Kaduna a 1937, mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda ya samu horon soja a Ingila. A daren 15 ga Janairu 1966 shi ya jagoranci sojojin da suka afka wa gidan Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, inda aka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Abin da ya biyo baya sananne ne: juyin mulkin ramuwa a watan Yuli, kashe-kashen fararen hula, sannan yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Na biyu shi ne Patrick Ibrahim Yakowa, Kirista na farko da ya zama gwamnan farar hula na Jihar Kaduna, daga 2010 har rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Disambar 2012. Shi ya bi matakan aikin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nemi mulki ta akwatin zaɓe a 2011.

Masu kare makaranta za su ce laifi tudu ne, kowa da nasa, kuma malami ba ya ɗaukar zunubin baligi. Wannan gaskiya ne. Yaro yakan yi shekara biyar ko shida a makarantar kwana, sauran rayuwarsa kuwa gida da bariki da abokai da zamani ne ke sassaƙa ta. Babu adalci a ɗora wa limamin da ya koyar da lissafi alhakin harsashin da aka harba shekaru bayan ɗalibi ya bar hannunsa. To amma wannan hujja kaifi biyu gare ta. In makaranta ba ta da hannu a sharrin ɗaya, da wane dalili za ta ci ladan alherin ɗayan?

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. An san Nzeogwu da riƙon addini da ƙin giya da tsananin ƙyamar cin hanci, wato halayen da kowace makaranta ke fatan dasawa a zuciyar ɗalibi. Ashe ke nan ɓarna ba daga lalaci kaɗai take fitowa ba. Takan fito daga mutum mai tsabtar hali wanda ya sakankance cewa gaskiyarsa ta halatta masa ran wani. Tarbiyyar da ta koya wa yaro tsayuwa a kan aƙida, ba tare da ta koya masa tausayi da tuhumar ra'ayin kansa ba, ta wasa wuƙa ne ta bar ta babu kube.

Saboda haka abin da ke wuyan makaranta shi ne tunawa da gaskiya. Ba a neman ta tuba daga laifin da ba ta aikata ba, ana dai neman ta ambaci ƴaƴanta duka, ta kuma binciki abin da darussanta suka rasa. Sauya suna daga St. John zuwa Rimi bai shafe wannan wajibi ba, domin wanda ya gaji gida ya gaji bashin da ke kansa.

Zancen bai tsaya a Kaduna ba. A Yamai ma iyaye Musulmi da yawa, daga Lazare da sauran unguwanni, suna kai ƴaƴansu makarantun mishan irin su Mariyama da Isa Beri, suna duban yawan masu cin jarrabawa. Kafin su tambayi ɗalibai nawa suka yi nasara bana, ya dace su tambayi yadda ake koya wa yaro zama da wanda ya saɓa masa, ko makarantar ta mishan ce, ko ta gwamnati, ko ta Islamiyya.