Ɗaki na biyu, na wane ne?

Ya kai mai karatu, ka taɓa lura da yadda yawancin finafinan mu na soyayya ke ƙarewa? An ɗaura aure, amarya ta tare a falat mai ɗaki biyu da falo, unguwa tsit. Ba suruka, ba facala, ba ƙanin miji. Mu 'yan kallo sai mu yi ajiyar zuciya mu ce madalla.

To, mafarkin nan ya daɗe da fitowa daga akwatin talabijin. Kwanan baya wani aboki na, mutumin Kunya ta ƙasar Minjibir, ya same ni da damuwa. Bikin sa ya matso, dillali ya nuna masa falat a Rijiyar Zaki, kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar kashi 10 cikin ɗari. A ƙauye kuwa gyatumar sa har ta sa an yi wa ɗaki yaɓe a gidan gandu. Ya ce, "Don Allah in na kama hayar nan, na yi butulci?"

Ni dai ban ga butulci a nan ba. Shari'a ta ba mace haƙƙin muhallin da za ta sake a cikin sa. Wanda ya tashi a gidan yawa ya san yadda murhu da igiyar shanya ke raba 'yan'uwa. Wani zumuncin ma tazara ce ke raya shi.

Amma fa mu tuna inda ya fito. Karkarar arewacin Kano, su Minjibir da Ungogo da Dawakin Tofa, gona ce jikin gona, duk shekara a na noma ta ba hutu, har Bature Michael Mortimore ya yi nazarin ta a shekarun 1960. Me ya hana ƙasar gajiya? Hannu da yawa, da taki. Manomi ya kora jaki birni da itace, ya dawo da mangala cike da taki. Kenan zuwa birni ba baƙon abu ba ne a wurin mu. Abin kunya shi ne a je a dawo hannu rabbana, ko a ƙi dawowa sam. Ita kan ta Rijiyar Zaki a ƙaramar hukumar Ungogo ta ke, a kan gonakin jiya aka yanka fulotan ta.

Saboda haka na ce masa: kama hayar ka, amma ɗaki na biyun, na wane ne? In na akwatunan lefe ne da tarkace, to ka sayi shiru da tsada, domin shirun yasar da dangi ne. In kuwa Inna za ta kwana ciki ran da ta zo ganin likita a Asibitin Murtala, ko ƙanin ka ya sauka in ya samu gurbi a Jami'ar Bayero, to ka dawo gida da takin ka.

Sai dai sharaɗi guda: ku yi maganar da amarya tun kafin a kai sadaki. In ba haka ba, ka ɗauko mata gidan yawan da ta gudar wa ka cusa a falat, wannan ma zalunci ne.

Kai fa mai karatu, mabuɗin ɗaki na biyun ka ya na hannun wa?