Ka Tsaya A Ƙofa, Ka Yi Sallama

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:10-11, Wahayin Yahaya 3:20

Ɗan'uwa, in ka sayi waya da guminka a kasuwar Black Market ta Adjamé, wa ke da ikon sa wani abu a cikinta ban da kai?

A shekarar 2020, lokacin annobar korona, kamfanonin Apple da Google suka ƙara wani tsari cikin wayoyi. Wayoyi biyu da suka kusanci juna za su yi musayar lambobi ta Bluetooth, in mutum ɗaya ya kamu, a sanar da ɗayan. Ba ya aiki sai mai wayar ya kunna shi. Duk da haka, mutane da yawa sun tarar da shi ne kawai cikin wayarsu, ba wanda ya tambaye su.

Niyyar mai kyau ce. Tun da cutar ta shiga Abidjan ranar 11 ga Maris 2020, likitocin babban asibitin Treichville suka sha fama domin ceton rai. Amma kyakkyawar niyya ta isa a shiga gidan mutum ba sallama?

Shari'ar Musa ta hana mai bin bashi shiga gidan wanda yake bi domin ɗaukar jingina. Sai ya tsaya waje a kawo masa. Haƙƙinsa ne, amma Allah ya kiyaye mutuncin mai gida. Yesu kansa, da ya san duk abin da ke zuciyarka, a ƙofa yake tsayawa yana ƙwanƙwasawa, yana jira ka buɗe.

Inda ba a nemi izini ba, zato yakan yi yawa. A watan Afrilu 2020, mutanen Yopougon, can a Abidjan, suka farfasa wurin gwajin korona da ake ginawa a unguwarsu, domin tsoro ya riga bayani isa wurinsu.

To, kai fa? Kana bincika wayar matarka in ta yi barci? Kana baza ciwon ɗan'uwa a ikilisiya da sunan roƙon addu'a, ba tare da ya yarda ba? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In kuwa kai ne ka kamu da cuta mai yaɗuwa, kada ka jira waya ta tona. Ka faɗa wa waɗanda kuka zauna tare da bakinka, gama ƙauna ke nan.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka koya mini riƙe amanar 'yan'uwana, ka kuma ba ni ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya domin lafiyarsu. Cikin sunan Yesu, Amin.