Haƙƙin Maraya Ba Ya Ɓata: Rahimjan Ƙoshƙarbayev

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Masanin abin da ke ɓoye da na sarari, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, wanda ya tashi maraya kuma ya yi wasiyya da marayu.

Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani an haifi Rahimjan Ƙoshƙarbayev a shekarar 1924 kusa da Akmola, wato Astana ta yau, a ƙasar Kazakistan. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, aka kama mahaifinsa a zamanin zaluncin Stalin, ya girma a gidan marayu. Da yaƙin duniya na biyu ya yi tsanani, ya shiga makarantar hafsoshi a Frunze, ya fito laftana, aka tura shi runduna ta 150 ta sojan ƙasa.

Ranar 30 ga Afrilu 1945, rundunar ta iso gaban Reichstag, ginin majalisar Jamus a Balin. Tsakaninsu da ginin fili ne tsirara, ana zuba masa wuta ta ko'ina. Rahimjan da wani matashin soja, Grigori Bulatov, suka ɗauki jan ƙyalle suka shiga jan ciki. Tazarar da mutum zai taka cikin 'yan mintoci ta ci musu kusan awa bakwai, suna fakewa a ramukan bom, abokan tafiya na faɗuwa. Da ikon Allah suka kai, suka kafa tutar a mashigar ginin.

Kwamandojin Rahimjan sun nemi a ba shi lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet, aka ba shi wadda ba ta kai ta ba. Sunayen Yegorov da Kantariya, waɗanda suka kafa tutar hukuma a kan rufin daga baya, su ne suka cika littattafai. Rahimjan ya koma gida ya yi shekaru yana shugabantar wani otel a Alma-Ata, har ajali ya riske shi a 1988. Sai a 1999, bayan ƙasarsa ta sami 'yanci, aka ba shi lambar Gwarzon Al'umma.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, ramin ƙarya ƙurarre ne: hukuma na iya danne suna, amma ba ta da ikon goge aikin da Ubangiji Ya shaida. Na biyu, jinkirta haƙƙi zalunci ne, domin lambar da aka kai bayan shekara 11 da binne mutum ba ta sanyaya masa zuciya ba ko da yini ɗaya. Wajibi ne a kan shugabanni su yaba wa mai aiki yana raye, ba tare da duban laifin da aka jingina wa ubansa ba.

Allah Ya sa mu cikin masu ba kowa haƙƙinsa a kan lokaci, Ya kare bayinsa daga musibar yaƙi. Amin.