Laifin Ɗan Kallo

A teburin mai shayi a Kuki, bayan sallar isha'i, waya ɗaya takan zagaya hannu goma. Kwanan baya abin da ya zagaya shi ne wani guntun bidiyo na tseren motocin Amurka da ake kira NASCAR. Motoci sun jeru bamba da bamba suna sheƙa gudu, ɗaya ta gogi ɗaya, sai suka haɗe, hayaƙi ya turnuƙe. Sau uku muka maimaita shi, kuma babu wanda ya tambayi wa ya zo na ɗaya. Wani dattijo da ke gefe ya ajiye kofinsa ya ce, "Samari, tseren kuke kallo ko haɗarin?" Muka yi dariya, amma tambayar ta bi mu gida.

Masoyan wasan a can Amurka sun daɗe suna wannan musu. An kafa NASCAR a 1948 a garin Daytona Beach, kuma babban tserenta, Daytona 500, zagaye 200 ne, wajen kilomita 800, ana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na wannan tsere, motar Dale Earnhardt mai lamba 3 ta daki katanga, ya mutu yana da shekara 49, bayan ya zama zakara sau bakwai. A shekarar da ta gabata direbobi uku, Adam Petty da Kenny Irwin da Tony Roper, sun mutu da irin wannan rauni na karyewar gindin ƙoƙon kai. Kafin 2001 ta ƙare aka tilasta wa direbobi sanya abin da ke riƙe kai da wuya, daga baya aka lulluɓe katangun da shinge mai shanye ƙarfin karo. Tun daga lokacin babu direban da ya sake mutuwa a manyan gasanninta uku. Wasu masoya suka ce an ceci wasan, wasu kuma har yau suna ƙorafin an cire masa gishiri.

Kada mu yi saurin yi wa masu ƙorafin dariya, domin mu ma mun san wannan gishirin. A filin dambe ba ma watsewa da murna sai an yi kisa. A sukuwar sallah, mahayin da ya ja linzami dab da taro shi ake yi wa sowa. A bukukuwan aure kuma, yaron da ya ɗaga ƙafar babur ko ya wulwula mota har taya ta yi ƙauri shi ne gwanin ranar. Ɗan adam yana son ganin ɗan'uwansa ya je bakin rami ya dawo lafiya, kuma ba ma ganin mugunta a cikin wannan. Jarunta ba ta bayyana sai inda akwai abin tsoro.

To ina laifin ɗan kallo? Wasu a majalisarmu sun ce babu: direba baligi ne, shi ya zaɓa, ido kuma ba ya tuƙa mota. Maganar tana da ƙarfi, sai dai ta manta da abu biyu.

Na farko, kallo lada ne. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san Facebook da TikTok ba sa tambayar ko abin ya burge mutum ko ya tayar masa da hankali. Suna ƙirga daƙiƙun da ido ya tsaya da yawan maimaitawa, su tura wa wasu. Maimaitawarmu uku a teburin shayi ƙuri'a uku ce muka kaɗa. Yaron da ke wasan babur a titin Dutsin-Ma yana karanta wannan sakamako, ya ga abin da ya yi jiya bai ƙara tara jama'a ba, sai ya ƙara kasada. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na biyu, wa ya yarda ya shiga haɗarin? Earnhardt ya san abin da ya shiga. A filinsu akwai shinge da likitoci da tutar da ke tsayar da gudu, duk da haka a Fabrairun 2013 tarkacen wata mota ya tsallake shingen Daytona ya raunata 'yan kallo sama da 20. Ina ga titin gari da babu ko igiya? Yarinyar da aka aika sayen mai da tsohon da ke dawowa daga masallaci ba su yarda da komai ba. Dambe ma da muke kira wasan kisa yana da da'ira da turmi da masu rabawa, kuma kisan nasa faɗuwa ce ƙasa, a tashi a karkaɗe jiki.

Ga ma'aunin da muka tsaya a kai. Idan haɗari ya auku, daɗin kallonmu ya ɓaci ko ya cika? Wanda ransa ya ɓaci, gwaninta ya zo gani. Wanda ya ji kuɗin datarsa sun biya, wani abu daban yake nema, ko da bai faɗa wa kansa ba. Yawancinmu muna da duka biyun a zuciya ɗaya, shi ya sa tambayar dattijon ta yi mana nauyi.

Hana samari son gudu ba zai yiwu ba, kuma ba shi muke nema ba. Abin da ke hannunmu shi ne tafinmu da wayoyinmu. Muna iya ƙin yin sowa a titin da yara ke wucewa, mu ƙi tura bidiyon da jinin wani ne kaɗai abin kallo a cikinsa, mu nemi a ware wa masu wannan sha'awa fili a bayan gari da hular kwano da doka. Amurkawa sai da suka binne gwaninsu kafin su gyara. Mu ga darasin a gabanmu tun ba mu kai ga haka ba.

Washegari wayar ta sake zagayowa da sabon bidiyo. Wasunmu sun karɓa, wasu sun miƙa ta gaba ba su duba ba, dattijon kuma bai ce komai ba.