Dubiya da Hakkin Ɗan Ciki

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙasar Daura, kan hanyar Damagaram. Kullum baƙi suna shiga suna fita, cuta kuwa ba ta tsayawa a shingen kwastan. To, a ce ƙarambau ya kwantar da yaro a wani gida, maƙwabciyarsu kuwa tana da ciki wata uku. In ta ƙi zuwa dubiya, a ce ta yi girman kai, domin zumunta a ƙafa ta ke. In ta je, wa ya san abin da za ta kwaso? Wanne ya fi cancanta?

Mutane sun raina ƙarambau don ba ya kisa kamar agana, wadda aka tabbatar da ƙarewarta a duniya a 1980. Amma ga mai ciki wadda ba ta taɓa yinsa ba, ya kan sauka a huhu. In ya kama ta cikin mako 20 na farko, a cikin jarirai ɗari a kan sami ɗaya ko biyu da lahani a ido, ko ƙwaƙwalwa, ko gaɓoɓi. In kuwa ƙurajen suka fito mata tsakanin kwana 5 kafin haihuwa da kwana 2 bayanta, jinjirin yana cikin hatsari ƙwarai.

Wadda ta taɓa yi, galibi ba ta sakewa. Wadda ta ke shakka, awon jini ya kan nuna. Akwai allurar rigakafi wadda wani likitan Japan, Michiaki Takahashi, ya samo a 1974, amma ba a yi wa mai ciki, don ƙwayar cutar ce mai rai aka raunana. Sai bayan haihuwa a ke yi, ko kuwa kafin ciki, sa'an nan a jinkirta ɗaukar ciki wata guda.

Asalin dubiya tausayi ne. Tausayin da zai cuci wanda ba shi da bakin kuka kuwa ya saki hanya. Ran maƙwabciya in ya ɓaci, haƙuri ya kan gyara shi gobe, amma haƙuri ba ya mayar da idon jariri.

Saboda haka nauyin ba na mai cikin ba ne ita kaɗai. Masu majinyaci ya kamata su fara aika mata cewa ta zauna, sun yafe, har ƙurajen su bushe. Ita kuma ta aika da kunu da gaisuwa. In har ta riga ta shiga, mijinta ya kai ta asibitin Daura ran nan, kada ya jira ƙuraje. Ɗan ciki amana ne a hannun unguwa duka.